Kaptar, sensa, ko mi?

Abin da ba ka san sunanshi ba, da tsada kake sayenshi. Mu nan Maraɗi ƙarfe guda suna biyu gare shi: makaniken da ya koyi aiki da Faransanci ya ce kaptar, mai kayan gyaran da ke saro kaya daga Kano ya ce sensa. Mai mota na tsaye tsakaninsu yana gyaɗa kai, alhali bai san kan mi ake ciniki ba.

Wanda ya dame ni shi ne na sandar kam, wato sandar da ke buɗe supap tana ruhewa a saman inji. Sai babbar sandar ƙasa ta juya sau 2 sannan ta saman ta juya sau 1. Don haka kwamfutar mota ba ta iya gane wane fistan ne lokacin tashinshi ya yi in da ta ƙasan kaɗai ta dogara. Wannan ɗan abu, da bai wuce babban yatsa ba, shi ke gaya mata, ita ko ta aika esansi da wutar buji a kan lokaci. In ya lalace, mota ta riƙa wuyar tashi, ta mutu a tsaye, hitilar inji ta kunna a tablo.

Haka Corolla ɗin yayana ta yi bara. Da ita yake jigila tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa, kuma daga nan kuɗin hayar ɗakina na jami'a ke hitowa. Wani gareji suka ce sai an sauke kan inji. Kwana nawa ke nan babu aiki? Na ce, "Yaya, bari a sa mata na'ura tukuna." Kusan duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, ko mai esansi ta Turai daga 2001, tana da wata kafa mai ramu 16 a ƙarƙashin sitiyari. Muka biya mai na'ura, ta hiddo P0340.

Nan karatuna ya yi mani rana. Bayanin lambar cewa ya yi matsala na cikin da'irar wutar kaptar, wato shi kanshi, da wayoyinshi, da soket ɗin da ya haɗa su. Kalma guda ce, amma mai tsallake ta sai ya sayi sabo alhali waya ce zafi ya cinye. Muka bi wayoyin har ƙarshe, lahiyarsu lau. Sannan muka yarda shi ne.

Aikin kanshi ba wani dogo ba ne. Ka bar inji ya huce, ka cire kan batir na ƙasa, mai alamar ragi. Ka danna ɗan harshen soket ka zare a hankali, don robar ta sha zahi, karyewa ba ta yi mata wuya. Kusa guda ke riƙe da shi, kile mai lamba 10 ke kwance ta. Ka ɗan murza shi ka jawo, ka tabbata tsohon zoben roba ya hito tare da shi. Ka shafa wa sabon zoben ɗan mai, ka tura, ka ɗaure ba da ƙarhin tsiya ba, tunda cikin alminiyam kusar ke shiga. Kahin ka saya, tahi da tsohon kasuwa: akwai mai waya 2, akwai mai 3, kuma ba su maye gurbin juna. Washegari Yaya ya yi lodi.

Makanikai ba abokan gabarmu ba ne. In lambar ta dawo bayan canji, wataƙila sarƙar inji ce ta saki, kuma wannan aikin nasu ne. Abin da ke cina shi ne, duk bayanin da ke sama da Faransanci na karanto shi na juya wa Yaya, mutumin da ya hi ni sanin kukan inji nesa ba kusa ba. Mu ƴan sashen harshe muna ta gardama kan tsawon wasali, garejojin garinmu kuwa cike suke da kalmomin da har yau ban gani a ƙamus ba. Ni dai na fara tattara su a kaye guda. Na wannan na rubuta "mai gadin sandar kam". Wanda ke da wanda ya hi shi, ya kawo a zamanmu na gaba.