Tambayar da Ba a Cika Yi Ba: "Wace Sana'a Kake Yi?"

Duk wanda ya zauna ajin al'adun Hausawa a wannan sashe namu ya san yadda ake nazarin sana'o'in gargajiya. Akan fara da tarihin sana'a, a lissafa kayan aikinta, a faɗi sarautunta, sannan a kawo kirarin masu yin ta da camfe-camfensu. Mun san uwar maƙera da zugazugi da awartaki. Mun san baba da katsi a karofi, mun san bagaruwa da kartaji a majema. Amma akwai tambaya guda da ba kasafai takan shiga irin wannan nazari ba, wato me sana'ar take yi wa jikin mai yin ta. Wannan tambaya ita ce maƙasudin 'yar maƙalar nan, kuma ina ganin tana da mazauni a fagenmu kamar yadda take da shi a fagen likitoci.

Tambayar dai ba sabuwa ba ce. A shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, bayan ya bi su har wuraren aikinsu ya ga abin da suke shaƙa da abin da suke taɓawa. Shawarar da ya bai wa 'yan'uwansa likitoci ita ce, idan sun gama tambayar majiyyaci inda yake masa ciwo, to, su ƙara da tambayar sana'arsa. Shekara fiye da 300 ke nan, amma abin da ya faru a Zamfara ya nuna har yanzu shawarar ba ta tsufa ba.

A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka dinga mutuwa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, daga nan sai suma da sanƙarewa, sai kuma rai ya yi halinsa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, waɗanda suka shiga yankin saboda sa ido a kan annoba irin su sanƙarau, su ne suka fara cin karo da lamarin a watan Maris. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na kashe ƙwayoyin cuta, amma shiru kake ji. Sai da aka waiwaya aka dubi abin da mutanen garin suke yi da hannuwansu, sannan bakin zaren ya fito.

Farashin zinare ya hau a kasuwannin duniya a wancan lokaci, kuma manoma da yawa sun koma haƙa. Dutsen da suke haƙowa kuwa, ban da zinare, cike yake da dalma. Maza su kawo shi gida a buhu, a farfasa, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba. Ƙurar da take tashi ba ta zuwa ko'ina, a tsakar gida take sauka: a kan tabarma, a kan ƙwaryar abinci, a kan ƙasar da yaro yake rarrafe yana kai hannu baki. Jikin yaro kuma ya fi na babba saurin zuƙar dalma, ita kuwa ƙwaƙwalwarsa take nufa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka gudanar da binciken, domin akwai darasi a cikinsa ga duk ɗalibin da zai fita aikin fage. A watannin Mayu da Yuni na 2010 masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, tare da jami'an lafiya na Nijeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya, suka bi ƙauyuka biyu gida-gida. Da farko sun zauna da iyaye suka yi tambaya: yara nawa ne a gidan, nawa suka rasu, yaya suka yi kafin su cika, wane aiki ake yi a gidan, kuma a wane sashe nasa? Daga nan suka ɗebi jinin yara suka auna, sannan suka auna ƙasar gidajen da wata na'urar hannu mai gane ƙarfen da ke cikin ƙasa. Sakamakon ya nuna daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, yara 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Kashi 97 cikin 100 na yaran da aka auna suna da dalma a jini da ta kai maikirogiram 45 a kowane desilita ko ta wuce, wanda shi ne matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta zarce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka take amfani da ita a lokacin ga filin wasan yara 400 ce. Gidaje biyu cikin kowane uku a tsakar gida suke sarrafa dutsen. Yaran da suka rasu a duk faɗin yankin sun kai 400 ko fiye.

Akwai kuma wani bayani da na'ura ba za ta iya bayarwa ba, sai bakin mutanen gari. Su ne suka ba da labarin cewa tun kafin yara su fara kwanciya, agwagin ƙauyukan suka ƙare. Da a ce an sami wanda ya ji wannan magana da wuri, ya kuma san ma'anarta, wataƙila da an rage yawan kaburbura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi, da harshen da yake ji, zai nuna wurin.

Magani bai yiwu ba sai da aka fara gyara muhalli, domin ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi. An ƙanƙare saman ƙasar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, sai a 2013 aikin ya kai gare shi. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Abin da ya ci Doma dai ba ya barin Awe. A can ne daga baya aka gwada feshin ruwa a bakin injin niƙa tare da masu haƙar, aka ga dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100. Wannan ya fi a ce wa mutum ya bar sana'arsa, domin wanda yunwa ta kai rami, wa'azi ba ya fito da shi.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan? Ni ina ganin ruwansa ya kai har tsaki, saboda dalilai biyu.

Na farko, a ƙasar Hausa wurin aiki da wurin kwana sau da yawa abu ɗaya ne. Dokar Masana'antu ta 1987 ta tanadi jami'an da za su riƙa duba masana'antu, amma jami'in da aka horar don duba masaƙa ko kamfanin jima na Calawa da Sharaɗa ba zai shiga zauren maƙeri ba, balle cikin gidan da ba a shiga. Ga mai gyaran batir yana narka dalma a gwangwani, ga mai walda da baƙin tabarau na kasuwa, ga marinin zamani da hannunsa cikin ruwan soda, ga mai fasa dutse cikin farar ƙura, ga manomi yana feshi ba takunkumi. Waɗannan duka babu sunansu a rajistar kowace ma'aikata. Mu ne muke zuwa wurinsu da takarda da alƙalami, mu durƙusa mu gaishe su, su buɗe mana abin da ba za su buɗe wa baƙo ba. 'Yan'uwanmu ɗalibai mata kuwa suna shiga har inda turmi yake.

Na biyu, maganar harshe. Bahaushe ya san guba mai kisa nan take, ya san dafi, ya san sammu. Amma gubar da ba ta da ɗaci, ba ta da wari, take taruwa a jiki kaɗan-kaɗan har ta dakushe basirar yaro bayan shekaru, wannan tana bukatar bayanin da zai zauna a kunne. Dalma a wurinmu abar amfani ce, kuma dutsen da ake samun ta a cikinsa ɗan'uwan kwalli ne, abin ado. Wanda zai gaya wa uwa cewa ƙurar da take sharewa kullum ita ce ajalin ɗanta, lalle ne ya san yadda ake magana a gidan makoki. Haka kuma sunayen da masu sana'a da kansu suke kiran cututtukansu da su, da abin da suke sha ko suke shafawa don kariya, duk ilimi ne da ya kamata a tattara, domin da shi likita zai fahimci abin da ake gaya masa.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu basira, da su sanya wannan babi a cikin tsarin binciken sana'o'i. Ɗalibin da ya je wurin majemi ko maƙeri, bayan ya tambayi sunan kayan aiki, ya tambayi abin da aikin yake sa masa a ƙirji da ido da fata, ya tambayi abin da ya kwantar da magabatansa a sana'ar, ya kuma lura da inda yaran gidan suke wasa. Ba mu da na'urar auna jini, kuma bai kamata mu yi wa likitoci shisshigi ba. Abin da muke da shi kunne ne da harshe, kuma a Zamfara da su aka fara kafin a kai ga na'ura. Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri, ya kare masu neman halaliyarsu daga sharrin abin da suke nema.