Halin Zakara a Cikin Kaji

Kowane yaro ya san karin maganan nan, zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma cara kaɗai ba ta isa shaidar zakaran kirki ba. Ya kamata ku 'yan makaranta masu kiwon kaji a gida ku san abin dubawa, kafin ku ce wannan na ajiyewa ne, wancan na tukunya.

Da fari ku sani kaji suna da girma-girma a tsakaninsu. Tun cikin 1922 wani masani mutumin ƙasar Norwe, Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa kowace kaza ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Haka kuma zakaru. A 2015 masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka nuna cewa babban zakara shi ke fara cara da asuba, sa'an nan saura su biyo bisa ga matsayinsu. In an ɗauke shi, na biyu ya gaji wurin. Watau cara ta gaya maka wane ne sarki, amma ba ta gaya maka irin sarautarsa ba.

Na taɓa kiwon zakaru biyu, ja da fari. Jan ya fi girma da zanko, ya fi murya. In an watsa tsaki sai ya kori kowa ya cika cikinsa. Ya fige wa kaji gashin baya, har ya kan tasam ma ƙananan yara da tsinin nan na bayan ƙafarsa. Farin kuwa in ya tono gara ko tsutsa sai ya ɗauka ya yar, ya ɗauka ya yar, yana ƙyaƙƙyara, har kaji su taru su ci, shi yana tsaye kansa a sama. In shirwa ta gilma ya kan ja wani dogon kuka, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin rumbu. In muzuru ne ya zo ta ƙasa, kukan dabam ne, gajere a jejjere. Da Salla ta zo, ba mu yi dogon shawara a kan wanda za a yanka ba.

To, in za ku zaɓa, ku zauna kusa da akurki ku lura kwana bakwai. Ku ga wa ke ci da fari, wa ke duban sama. Kada kuma ku tara zakaru da yawa, gama ɗaya ya ishi kaji kamar goma, in sun yi yawa faɗa ba ya ƙarewa, kaji su wahala. Wanda ke tasam ma yara kuwa kada ku ce jarumtaka ce, gama yana iya raunata idon yaro.

Ku da aka ba shugabancin aji ko na ɗakin kwana, sai ku duba wane ne ku cikin biyun nan. Allah ya sa mu gane, amin.