Kishiyar Inna Ƙarfe Ce: Kwana Uku A Mafara, Bakura Da Maradun

Labarin wannan fitowar na soyayya ne, har da kishi a cikinsa, sai dai masoyin dattijo ne mai furfura, abin son kuwa tsofaffin injuna ne da gwamnati ta gama yayinsu ta sa a gwanjo. Ku biyo ni Jihar Zamfara ku sha labari.

Talata Mafara tana kan titin Gusau zuwa Sakkwato, kasuwarta kuwa ranar Talata take ci. In ka shiga da rani za ka ga buhunan shinkafa da albasa da kwandunan tumatir jibge, har ka yi mamakin inda aka samu ruwan noma su. Amsar ita ce madatsar ruwa ta Bakolori, wadda za mu je gare ta nan gaba.

A garin nan kawuna yake zaune, tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa. Aikin kanikanci ya yi a soja har ya yi ritaya. A bayan gidansa akwai wata babbar rumfa, a ƙarƙashinta wata ƙatuwar Marsandi 911 mai launin ganye, irin wadda duk ƙafafunta ke ja. A gwanjo ya saye ta ba ta ko motsi, sai da ya shekara biyu yana bin 'yan gwangwan na Gusau da Kano kafin ta yi tari ta tashi. Ba sana'a ya ɗauke ta ba, fanshonsa da gonarsa ke ciyar da gida, wannan kam sha'awa ce tsantsa.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta kawo mana tuwo ta tarar ya shige ƙarƙashin mota, sai ta ce da ni, "Ka ga kishiyata nan. Ni shekara arba'in bai taɓa tambayata mi ka yi min ciwo ba, amma wagga ko atishawa ta yi sai ya tashi tsakad dare." Kawu ya leƙo yana dariya ya ce, "Ai ke kina da baki, ita ko sai an saurara mata."

Ya buɗe min kan motar ya yi min karatu. Injinta mai silinda 6 ne, samfurin OM352 da Jamusawa suka fara ƙerawa a 1964, babu kwamfuta a jikinsa ko ta ƙwabo. Ya ce injin gas ba shi da fulogi irin na fetur, iska yake matsewa har ta yi zafi, a feso mata mai ta kama da kanta. Don haka abu uku kawai yake nema: iska mai tsabta, mai mai tsabta, da batir mai ƙarfi. Hayaƙi kuma shi ne bakinsa. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko ƙurar hunturu ta toshe filtar iska. Shuɗi, baƙin mai yake sha, ringi ya cinye. Fari mai kauri, ko man bai ƙone ba, ko ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Washegari muka nufi Bakura, ƙasar manoma, inda hanya ke ratsa fadamu da magudanan ruwa na siminti. A wani ƙauye kusa da garin Kawu ya ba da aron janaretansa, shi ma na gwanjon soja ne, mai injin Perkins a kan tayoyi biyu. Shi ke jan famfon burtsatse idan rani ya tsananta. An aiko masa cewa injin yana tashi lafiya lau amma ba ya ba da wuta, kwana tara ke nan mata suna zuwa magudana suna ɗibar ruwan da dabbobi ke sha, yara biyu har sun kwanta da gudawa.

Mai unguwa ya riga ya fara tara kuɗin sake naɗin waya. Kawu ya ce a dakata. Ya tambaya, "Yaushe rabon ku da tada shi?" Aka ce tun farkon damina. Ya gyaɗa kai, ya ce ɗan maganaɗisun da ke saura a jikin ƙarfen, wanda da shi wuta ke fara haihuwa, shi ne ya gudu saboda dogon zama. Ya duba wayoyi ya ga babu wadda ɓera ya ci, sannan ya ɗauko batir ya ɗan taɓa wa wayoyin maganaɗisun na ƙiftawar ido. Jama'a, sai ga allurar mita ta miƙe! Ba a jima ba ruwa ya fara zuba a tanki, mata suka ɗauki guɗa kamar an kawo amarya. Ya gargaɗe su cewa wannan dabara ba ta wanda bai koya ba ce, wuta ba ta san sabo ba. Nasu aikin shi ne su riƙa tada shi duk sati biyu, su ɗora masa kaya sosai, domin injin gas in ana jan sa da ƙwai biyu kawai sai ya riƙa zubar da baƙin dagwalo ta salansa.

A hanyar dawowa muka wuce ta kusa da Birnin Tudu, Kawu ya yi shiru. Nan ne a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, waɗanda suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu da aikin Bakolori ya cinye, aka rasa rayuka da dama. Ya ce, "Ruwan ga da ka gani, da jini anka biya shi."

Rana ta uku muka yi sammako zuwa Maradun a cikin Marsandin, da niyyar mu dawo kafin la'asar, domin shekarun nan 'yan bindiga sun sa ba a wasa da yamma a wannan yankin. Muka tsaya a bakin madatsar. Gani ya kori ji! Kamfanin Impresit na Italiya ya fara gina ta a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978. Tsawon bangonta ya haura kilomita 5, an gina ta ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. An shirya ta shayar da hekta 23,000, daga ciki 8,000 ta magudana, 15,000 kuwa ta bututun feshi, wanda sai da wutar lantarki yake aiki. Aka kafa mata injunan wuta na ruwa da na gas. Da injunan suka lalace sai sashen feshin ya mutu, gonakin suka koma jiran damina, har sai da aka shigo da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, don gyaran magudanan.

Kawu ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "Ɗana, inji ba ya mutuwa rana guda. Kusa ɗaya ka kwancewa a ce gobe, mai ya ɗiga a ce gobe, har goben ta ƙare."

Da za mu baro Maradun muka rage wa wasu mata da yara hanya, da buhunan shinkafarsu. Mun yi nisa cikin daji, rana ta fara yin ja, sai motar ta fara shessheƙa, ta ja ta saki, ta ja ta saki, ɗif ta mutu. Babu gida babu mota, waya kuma babu sabis. Wata tsohuwa ta fara salati, wata ta rungume goyonta. Wallahi ni kaina sai da cikina ya ɗuri ruwa.

Kawu ko a jikinsa. Ya ce in murza makulli, shi kuma ya tsaya yana kallon salansa. "Babu hayaƙi ko kaɗan," in ji shi, "ke nan mai bai isowa." Ya bi tiyo daga tanki da yatsunsa har ya taɓo inda robar ta tsage tana zuƙar iska. Ya yanke wurin da wuƙa, ya mayar ya ɗaure. Ya sassauta ƙaramin noti a kan filtar mai, ya sa ni danna famfon hannu, kumfa ta yi ta fitowa har mai zalla ya biyo baya. Ya ɗaure, ya ce, "Bismillah." Bugu biyu ta ɗauka. Duka-duka minti ashirin, muka shigo Mafara ana kiran magariba. Tsohuwar nan ta yi ta sa masa albarka har ta sauka.

Abin da ke damun Kawu shi ne magaji. Samari sun zo sun tafi, wai aikin ba ya kawo kuɗin yau, gara kabu-kabu. Wadda ta tsaya jikarsa ce 'yar aji shida, ita ke riƙe masa littafin da yake rubuta ranar juye baƙin mai da ranar zubar da ruwan da ke kwanciya a gindin tanki, kuma ta san sifana mai lamba 13 da mai 17 ko a duhu.

To mai karatu, kai mai ɗan janareta a gida, duba baƙin mai kafin ka ja igiya, tace man da ka sayo a bakin titi, kar kuma ka kunna shi a ɗaki ko a soro rufe, hayaƙinsa ya kashe gidaje da yawa suna barci. Maigida da uwargida kuma ku ɗauki naku rabon, zaman aure ma ba ya lalacewa rana guda, a saurari ƙaramar ƙara tun ba ta zama babba ba. Allah Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu cikin aminci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.