Hanyar Wikki Ba Ta Son Mota Mara Safaya

Daga Bauchi za ka bi hanyar Gombe, ka karya kwana a Dindima, ka nufi Mainamaji, ƙofar shiga gandun dajin Yankari. Kafin nan ba ka rasa mai faci a garuruwan bakin titi. Amma daga ƙofar zuwa sansanin Wikki tafiyar kimanin kilomita 40 ce cikin daji, babu rumfar faci ko ɗaya, sai gwaggon biri a gefen hanya.

A nan motarmu ta ɗalibai ta taka ƙusa, ga shi babu safaya, rana kuma ta yi yamma. Direba bai zare ƙusar ba. Ya ce tayar tubles ce, ƙusar ce ta toshe ramin, shi ya sa iska ke fita kaɗan-kaɗan. Ya ɗauko famfon ƙafa ya ƙara iska, muka lallaɓa, yana tsayawa yana ƙarawa har Wikki. Da ya bari ta sace gaba ɗaya ya ci gaba, da taya da wili duk sun lalace.

Ɗalibai masu shirin zuwa wanka a ruwan ɗumin Wikki, kafin ku biya kuɗin mota ku ce a buɗe but, ku ga safaya, jak, sifana da famfo da idonku.