BIRNIN KEBBI DA ARGUNGU: Inda gulbi ne jarumin fim

IDAN ka tara matasa masu kallon finafinai ka tambaye su ina gidan ibadar Shaolin yake, kafin ka rufe baki za su ce maka Chana, har wani ya miƙe ya gwada maka yadda Jet Li ke tsayuwa da ƙafa ɗaya. Amma ka ce masu ina ne Matan Fada, sai a shiga kallon-kallo. Wani ma ɗauka zai yi sunan sabon fim ne na rikicin kishiyoyi a gidan sarauta.

Ba laifinsu ba ne. Fim ɗin 'Shaolin Temple' na 1982 shi ya tallata wancan tsohon gida har duniya ta riƙa tururuwa zuwa can. Mutanen Chana sun iya sayar da tarihinsu. Dubi birnin Shi'an: tun da manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da dubban gumakan sojoji na yumɓu a 1974, baƙi ba su daina zuwa ba. In sun gama kallo kuma sai su zarce unguwar Musulmin birnin, su ci tsiren rago da gurasa a bakin titi. Ido ya ci, ciki ya ci.

To, mai karatu, mu ma muna da irin wannan. Yana can yamma, a kwarin Gulbin Rima, cikin Jihar Kebbi. Garuruwa biyu ne da tafiyar da ke tsakaninsu ba ta wuce awa guda a mota ba: Birnin Kebbi da Argungu. Abin da na lura da shi a wannan ziyara shi ne, komai na wurin, daga tarihi har abin da ke cikin tukunya, daga ruwa ya fito.

BIRNIN DA YA SAUYA HANNU

Wanda ya taso daga Kano ta Sakkwato, Argungu zai fara isa. Amma labarin ya fi daɗi in an faro shi daga Birnin Kebbi. Garin ya zama hedikwatar jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Sai dai sarauta ba baƙuwarsa ba ce.

Wajejen 1516 ne Muhammadu Kanta, wani barde da ke yaƙi a ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai, ya saɓa da ubangidansa kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas. Ya ɓalle, ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame da ganuwar duwatsu wadda har yau kufanta na nan a cikin Jihar Sakkwato. Daga baya, wajejen 1700, Kabawa suka maido da fadarsu Birnin Kebbi. Suna nan har 1805, shekarar da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Shi ya sa a yau fadar da za ka gani a Birnin Kebbi ta Sarkin Gwandu ce, kuma sunan Abdullahi Fodiyo aka sa mata. Shi Malam Abdullahi hubbarensa na garin Gwandu, kuma a can ne Bature matafiyi Heinrich Barth ya samu kwafin littafin 'Tarikhus Sudan' a 1853.

Shawarata, kada ka tsaya a sabbin unguwanni irin su Gesse, inda gidaje suke kamar na ko'ina. Tare ɗan kabu-kabu (haka ake kiran ɗan acaɓa a nan), ka ce ya kai ka tsohon gari, wajen Takalau. Gari ne a kan tudu. Kana kaiwa ƙarshen gidaje sai ka ga ƙasa ta gangara, fadama ta buɗe iya ganinka: shinkafa, ruwa na ƙyalli a tsakani, kwalekwale na ratsawa, balbela fari fat. Da yamma in rana ta yi ja, wallahi duk daraktan da ya kafa kyamara a nan ba ya bukatar fitila ko ɗaya.

Wannan fadama ce ta sa sunan Kebbi ya zama ɗaya da shinkafa. A Birnin Kebbi marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015. A 2016 kuma shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi mai suna Lake Rice ta shiga kasuwa.

CIKI DA GASKIYA...

An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma fa yunwa na huda shi. Don haka bari mu leƙa tukunya.

Da safe, bi ƙamshin tanda. Wainar shinkafa ce da zafinta, mai waina na juya ta da tsinke, gefe ga ƙosai na tsalle a mai, ga kunu. In rana ta take, kuma zafin Kebbi ba na wasa ba ne, nemi inuwar da matan Fulani suka jera ƙore. A nan ba fura ake cewa ba, hura ce. Kifi kuma kihi. Kada ka yi dariya in an ce maka, "Mi kaka so, samari?" Su ma dariyar Kanancinka suke ɓoyewa. A dama maka ita da kauri, da nono mai tsami-tsami, ka sha da ludayi. Shi ke nan, kai da yunwa sai la'asar.

Da dare ne gari ke buɗe ido. Masu tsire da balangu sun kunna wuta, masu shayi sun jera benci, 'yan mata sun kasa awara. Ka lura da albasar da mahauci ke yanka maka a kan nama, manya-manya masu zaƙi. Aliero, garin da ya yi suna da albasa a duk Nijeriya, a cikin jihar nan yake. Amma sarkin dare shi ne kifi. Ga soyayyen karfasa da yajin ƙuli, ga tarwaɗa a farfesu mai sa hanci zuba. Idan kuma ka yi sa'a wani ɗan gari ya ja ka gida, aka sa maka tuwon shinkafa 'yar gida da miyar kifi banda, to ka ci abin da ba a saye a kasuwa.

GIDAN NABAME

Kashegari sai Argungu. Bayan faɗuwar Birnin Kebbi, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya nan suka tattaru. Masu ba da labari ma na cewa sunan garin daga "a yi gungu" ya samo asali. Sun shafe shekaru masu yawa na ƙarni na 19 suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, ko da yake an samu 'yar sararawa a sulhun da ake kira Lafiyar Toga, zamanin Sarki Abdullahi Toga. Har Turawa suka zo ba a rusa sarautar Kabi ba. Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, ya hau karaga a 1996.

Wurin farko da za ka nufa shi ne gidan tarihi na Kanta, wanda 'yan gari ke kira Gidan Nabame, da sunan Sarki Yakubu Nabame. Nan ne fadar sarakunan Kabi har 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Ginin ƙasa ne irin na da. Kana shiga soro za ka ji sanyi ya ratsa ka, kamar an kunna na'ura.

Ɗaki-ɗaki ake zagayawa da kai. Ga masu, ga takubba, ga kwari da baka, ga bindigogin toka, ga layu da tambura, ga kayan su na kaka da kakanni. Duk wanda ya taɓa ganin takobin katako da aka shafa wa fenti a wani fim namu na sarauta, ya ga waɗannan, zai san da sauran aiki. Sannan a kiyaye: a cikin gidan nan ake binne sarakunan Argungu. Ba wurin ihu da shewa ba ne. Ka yi sallama, ka yi addu'a, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ɗaukar hoto.

GA MATAN FADAR

Daga nan sai bakin ruwa. Matan Fada wani yanki ne na gulbi, kuma in ka zo ba lokacin biki ba za ka yi mamakin shirunsa. Ba a su a cikinsa sai ranar da aka buɗe. Sarkin Ruwa ne mai kula da shi, kuma kafin biki sai ya yi abin da aka gada na gyaran ruwa.

Fashin ruwa tsohuwar al'adar Kabawa ce, amma bikin da duniya ta sani ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu. Ka tsaya ka yi tunani. Gida biyu da suka shekara fiye da ɗari da gaba a tsakaninsu, ga shugaban ɗaya ya zo baƙunci gidan ɗayan, kuma abin da aka tare shi da shi ba mashi ba ne, kifi ne. Wane marubucin fim ne zai ƙirƙiro ƙarshen labari da ya fi wannan?

Ranar kamun kifi, masunta dubbai ke jeruwa nesa da gaɓa, kowa da homarsa da babban goransa. Ana harba bindiga sai ƙura ta tashi, a ruga a faɗa ruwa. Goran nan shi ne jirgi, shi ne kuma ma'aji: mutum ya kwanta a kansa yana iyo, in ya kama kifi ya jefa ciki. Makaɗa na bin su a kwalekwale. Cikin kamar awa guda an gama, a ɗora manyan giwan ruwa a sikeli. A 2005 wanda ya zo na ɗaya ya kai kilo 75. A 2020, da aka dawo da bikin bayan kusan shekara goma ba a yi ba, an kama mai kilo 78. Wato kifi ya fi wasu jarumanmu nauyi! Akwai kuma kabanci: tseren kwalekwale, iyo, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Ga dambe da kokawa a tudu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun da duniya ta gada.

IN GULBI YA ƘAFE FA?

A nan ne gizo ke saƙar. Duk abin da na lissafa, shinkafar waina, kifin farfesu, bikin kansa, rataye yake a wuyan ruwa ɗaya. Kuma ruwan ya canza. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Sun taimaki noman rani a can sama, amma sun rage ambaliyar shekara-shekara da kifi ke bi ya yi ƙwai a fadama. Ga yashi na cike gulbi, ga masu sa raga mai ƙananan ido suna kwashe har 'ya'yan kifi. Wani lokacin kuma ruwan ya zo da fushi, kamar a 2010 da 2020, ya shanye gonaki da gidaje.

Abin da mutane ba su sani ba, ba sa kishinsa. A nan 'yan fim ke da rawar takawa. Tun ƙarshen shekarun 1970 Adamu Halilu, wanda ya yi 'Shaihu Umar', ya shirya fim mai suna 'Kanta of Kebbi'. Matasa nawa ne a yau suka taɓa ganinsa? Labarin Sarauniya Amina ya hau Netflix a 2021. Na Kanta, da na Nabame, da na ziyarar 1934, suna nan kwance suna jiran mai ɗauka. Ko soyayyar ce ma ake so, me zai hana a yi ta ɗan masunci da 'yar mai gumi, maimakon kullum falo da lambun otal? Furodusoshi, ƙalubale gare ku!

GUZURIN MAI TAFIYA

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauka. Bikin an saba yin sa a Fabrairu ko Maris, amma ba kowace shekara ba, don haka a saurari sanarwa. Mai hali na iya sauka a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Mai bin mota kuwa ya yi sammako, ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, kada ya yi tafiyar dare, domin matsalar tsaro a Arewa maso Yamma ba ɓoyayyiya ba ce. Kada ka shiga ruwa don ka ga yaran gari na wasa a ciki. Su a ciki aka haife su. Kifi kuma ka sayi wanda aka soya a gabanka.

Kuma don Allah kada ka koma gida hannu rabbana. Kifi banda a kwali, da ɗan buhun shinkafa 'yar gida, sun isa tsarabar da za ta sa Hajiya ta yi ta sa maka albarka har wata ya mutu.