Daga Tambuwal Zuwa Kebbe: Ashe Duk Ɗaya Muke

Makon jiya biki ya kai ni Kebbe, ni da ɗiyar ƙanwata mai zuwa makaranta, na ce lalle in ba ku labarin abin da na gani.

Mun tashi daga Sakkwato da sassafe, muka bi ta Boɗinga. Nan kusa Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Muka wuce Shagari, hantsi bai gama ba sai ga mu Tambuwal, kusan mil 60 ke nan. Garin nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna cikinsa, yana tsaron wannan gefe na daula. Muka sha fura da nono a tasha, sa'an nan muka saki babban titi muka nufi Kebbe.

Gidan biki kuwa ya cika maƙil. Aka sa amarya lalle, aka yi jere, 'yan guɗa suna ta aikinsu. Da dare na zauna kusa da wata tsohuwa, na ce, "Inna, ku wane iri ne?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, uwata Bakaba ce, ubana Bafillace, wanda na aura Bagobiri. To, ke ki faɗa mini."

Na yi shiru, don kuwa kakannin mutanen nan uku sun sha gwabza yaƙi da juna a zamanin jihadi. Me ya haɗa su? Addini, da kasuwa, da auratayya, da karatu. Malaman Kabi da na Zamfara da na Gobir duk Larabci suke rubutu da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Takan naɗa wa dattijan mata malafa, ana ce da su jaji, su bi ƙauyuka suna karantar da mata 'Yan Taru, ba a tambayar kowa asalinta.

Sai 'yar makarantar nan ta ce, "Gwaggo, ai haka aka koya mana game da Turawa." Gaskiyarta. Mu a nan mukan ɗauka Bature duk ɗaya ne, alhali kuwa harsunansu barkatai ne. Amma shekaru aru-aru malamansu na Ingila da Jamus da Italiya Latin suke karatu da shi, kamar yadda namu ke yi da Larabci, yawancinsu kuma addinin Kirista suke bi. Sarakunansu ma auratayya suke yi. Sarki Joji na 5 na Ingila da Sarki Wilham na 2 na Jamus taubasai ne, dukansu jikokin Sarauniya Biktoriya. Duk da haka a 1914 ƙasashensu suka far wa juna, aka sake wani yaƙin daga 1939 zuwa 1945, mutane miliyoyi suka halaka. Da wuya ta yi wuya, a 1957 ƙasashe 6, har da Faransa da Jamus ta Yamma, suka taru a birnin Rum suka haɗa kasuwarsu. Yau ƙasashe 27 ke cikin Tarayyar Turai, Ingila ta fita a 2020.

Kun ga ke nan zumunta ba ta tsare kanta, sai an tsare ta. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan yankin Kebbe, har na ji wata tana cewa ta daina sayen nonon Fillani. Wannan ya dame ni ƙwarai. Ɓarawo ɓarawo ne, ko ɗan wace kabila ce, mai tallar nono kuwa ita ma ana kore shanun mijinta. Furar da muka sha a Tambuwal, geron manomi ne, nonon makiyayi, in aka raba su me za a dama?

Don haka, uwargida, ki kula da abin da kike faɗa gaban yara a kan maƙwabta, gama abin da yaro ya ji a tsakar gida shi zai ɗauka har tsufa. Ku kuma 'yan makaranta, ku tambayi kakanninku asalinsu, za ku sha mamaki.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.