Kifin da Muka Sa wa Suna Kuskure

Mu huɗu ne a ofis, duka masu rubuta manhaja, kuma rabin aikinmu farautar kuskure ne. Ranar da muka haɗa kuɗi muka sayi akwatin gilashi da kifayen ado, mai sayarwar ya yi mana gyara da wani ɗan kifi mai gashin baki, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Ya ce a cikin kaya ya tsince shi, ko sunansa bai sani ba.

Ba a yi kwana biyu ba muka lura da abu biyu. Yana iyo a rigingine, ciki sama, kuma gadon bayansa ya lanƙwashe daga tsakiya zuwa wutsiya kamar lauje. Nan take muka raɗa masa suna Kuskure.

Muka nuna wa manhajar gane hoto. Da safe ta ce tarwaɗa, da yamma ta ce wani kifin Kudancin Amurka ne. Lanƙwasar jikin ce ke rikita ta. Sai muka yi abin da muke yi idan aiki ya cije, muka bar kallon siffar gaba ɗaya, muka bi gaɓa-gaɓa. Tarwaɗa gashin baki takwas gare ta, da doguwar fiffiken baya. Namu shida ne, huɗun da ke haɓarsa masu rassa, fiffiken bayansa gajere mai ƙaya, da wata tsoka a bayan fiffiken. Wannan ya kai mu ga dangin da masana ke kira Synodontis, masu nau'i sama da 100, duka 'yan Afirka.

Muna tsaka da murna Baba maigadi, wanda ya tashi a bakin kogi a Yawuri, ya leƙo ya ce, "Yara, wannan ai kurungu ne. Ku ɗaga shi daga ruwa ku ji kukansa, amma ku kiyayi ƙayarsa." Muka ce, "Baba, iyon rigingine fa?" Ya yi dariya ya ce wasunsu haka Allah ya yi su.

Gaskiyarsa. Akwai Synodontis batensoda a kogin Kwara da Tafkin Chadi da kogin Nilu, wanda ke kiwo a saman ruwa ciki sama, har cikin nasa ya fi bayansa duhu, kamar dai namu. Mutanen tsohuwar Masar sun zana shi a haka. Ashe rabin abin da muka kira kuskure halittarsa ce.

Saura lanƙwasar. Mun karanta cewa ƙarancin bitamin C a abinci na jawo ta, haka rauni tun yana ƙarami, ko yawan barbara tsakanin dangi a gidan kiwo. Amma akwai kuma tarin fukan kifi, mai yaɗuwa, wanda ke iya shiga fatar mutum ta wurin ciwo. Da jin haka ukunmu muka ce a kwashe shi a zubar, a huta.

Na huɗunmu, wanda shan-inna ta taɓa wa ƙafa tun yana yaro, bai ɗago daga kwamfutarsa ba. Ya ce, "Yana cin abinci? Yana numfashi daidai? To a gwada shi mana kafin a yanke masa hukunci." Muka yi tsit. Kwana nawa muna kiran sunan nan a gabansa muna dariya, ba mu taɓa duban fuskarsa ba.

Muka ware kifin a bokiti da famfon iska har mako 4, muna sa safar hannu, muna duba rama, gyambo da ƙin cin abinci. Ko ɗaya bai nuna ba. Ci yake kamar gara. Muka mayar da shi cikin 'yan'uwansa, muka sauya masa abinci mai bitamin C.

Bayan nasa ba zai miƙe ba, mun sani. Idan an zuba abinci yakan zo a karkace, amma yana isowa. Ba mu yi zaman sauya suna ba. Wata safiya dai muka ji kanmu muna tambayar ko an ba Kurungu abinci, kuma tun ranar tsohon sunan bai ƙara fitowa daga bakin kowa ba.